Ƙarar Awarwaro a Faifai na Biyu

Asabar, da hantsi

Auta ta yanke hukunci, kuma ba ta yi shawara da ni ba. Ɗakin da nake ajiye faya-fayaina shi zai koma ɗakin uwarta, don ya fi kusa da banɗaki, kuma babu dakalin da sai an ɗaga kekenta na marasa lafiya kafin a shiga. Tana da gaskiya. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Faya-fayan tef ne irin na da, masu zare launin ƙasa, waɗanda na ɗauka da hannuna a shekarun da na yi a gidan rediyo. Masu goge, masu sarewa, mawaƙa maza da mata, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Har ƙetare aka tura ni na karanta aikin sauti. Na dawo na yi musu bauta har furfura ta fito, sai wani sabon shugaba ya zo ya ce tsofaffin faya-fayai sun cika wuri, a zuba su bayan ofis a cinna musu wuta. Na ɗauko aron mota na kwaso abin da na iya. Babu wanda ya tambaye ni inda na kai su, har yau.

"Baba, ai ba zubarwa na ce a yi ba," in ji Auta. Ta ciro wata 'yar na'ura daga jakarta, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. "Ka haɗa wannan da tsohuwar rikodarka. Duk abin da ke kan tef zai koma cikin memori. Sai a sa memorin a rediyon Mama, ta riƙa ji a gefen gado."

Ta nuna mini memorin. Kamar farcen ɗan yatsa. Na dubi farcen, na dubi kantocin da suka kai rufi. 

Lahadi, bayan la'asar

Ruwan da ya yi ta yoyo ta rufi a damina ya yi aikinsa. Kwalayen ƙasa duk sun yi fumfuna, zaren yana danƙo a hannu. Na ɗora ɗaya don gwaji.

Sai ga wani mutum da ya mutu tun Auta tana rarrafe ya yi gyaran murya a ɗakina. Ya yi tari, ya ce da yaronsa ya matso da ganga, sannan ya fara.  Na yi rayuwata duka a wannan aiki, na san yadda tsatsar ƙarfe take riƙe murya a jikin zare, zan iya zana maka lissafinsa a allo. Duk da haka zama na yi a ƙasa kamar baƙauyen da ya fara ganin rediyo.

Da ya ƙare na duba kan rikodar, ɗan ƙarfen da zaren yake gogawa. Wata baƙar laka ta taru a kansa. Na ɗaga zaren a hasken taga, sai na ga taga ta cikinsa. Muryar ta kankare ta zube yayin da take wucewa.

To, haka abin yake. Kowane faifai sau ɗaya zai ƙara magana.

Litinin, da safe

Likita ya zo ya tafi. Ya yi magana da Auta a bakin ƙofa, ba da ni ba. Da alama tsufa ma wani irin ƙuruciya ne, ana ɓoye maka magana.

Litinin, da yamma

Na'urar tana da hawa uku, kuma dole a zaɓi ɗaya kafin a fara ɗauka. Auta ta zauna ta yi mini bayani a hankali, irin yadda take yi wa marasa lafiya a wurin aikinta.

Hawa na sama ba ya taɓa komai, yadda sauti ya shigo haka yake ajiye shi, amma yana cin wuri, kwali ɗaya zai cika memorin. Na tsakiya yana matse sautin kaɗan. Na ƙasa yana matse shi sosai, har ɗakin nan gaba ɗaya ya shige cikin farcen nan.

Na ce, "Matsewa kamar yaya? Sauti ba auduga ba ne."

"Zubarwa take yi, Baba. Tana zubar da abin da kunne ba zai ji ba. In an buga ganga da ƙarfi, duk wani ƙaramin sauti da ke gefenta ya ɓuya, ko ba haka ba? To shi take cirewa. Da wanda ya yi tsini da yawa."

Na daɗe ina juya maganar nan. Wato wasu mutane sun zauna sun auna kurumtar ɗan Adam dalla-dalla, sun gano inda kunne yake barci, sannan suka koya wa na'ura ta yi sata daidai lokacin da mai gida ya runtse ido. Mu a zamaninmu reza muke sa wa zare mu yanke tari, mu liƙe da salatif. Wallahi na so in raina abin, na kasa.

Talata, da hantsi

Na yi gwaji yadda aka koya mini. Na ɗauko faifai daga kantar sama, inda ruwa bai kai ba, wanda za a iya maimaitawa ba fargaba. Na ɗauke shi a hawa ukun. Na sa hedfon a kunne, na rufe ido, Auta tana canzawa ba tare da ta faɗa mini wanne ne wanne ba.

Babu bambanci. Ko kaɗan.

Na ce a sa na ƙasa. Hannu ɗaya ya rage wa uwarta, ba za ta iya cire wannan ta sa wancan ba. Komai ya zauna wuri guda.

"Baba, ko a sa na tsakiya? Ni kamar ina jin..."

"Ke za ki koya mini sauti? A gidan rediyo Mai Kunne ake ce da ni. Ina zaune a ofis nake gane wayar makirufo ta kwance a ɗakin ɗauka."

"Allah ya huci zuciyar Mai Kunne," in ji ta, ta rataya jakarta. Bakin uwarta ta ɗauko, kaf.

Alhamis, da rana

Aiki yake ta tafiya. In ɗora faifai, in danna, in zauna. Idan ya ƙare in goge lakar da auduga, in jefa zaren da ya zama fanko a buhu. Kamar mai wankan gawa nake ji, sai dai tawa gawar tana waƙa kafin a rufe ta.

Yau wata mata ta rera waƙar raino da na manta na taɓa ɗauka. A tsakiya zakara ya yi cara, ta yi dariya, ta ci gaba. Ita ta tafi, zakaran an cinye shi, jaririn wataƙila yana da jikoki. Safiyar ce kaɗai ta rage, a hannuna.

Juma'a, da safe

Uwar Auta ta sha kunu cokali kaɗan ta kau da kai.

Asabar, bayan azahar

Ta yi magana. Tun ranar da ɓarin jikinta ya shanye kalmominta guntu-guntu suke fitowa, ta gefe ɗaya na baki, sai ka sunkuya. Na kai mata rediyon tana sauraron wani mai sarewa, sai ta kama hannun rigata.

"Ta... ruwa."

Auta ta miƙe za ta kawo kofi. Na ce ta zauna, ba wannan ruwan ba.

Muna sababbin aure aka aike ni ɗaukar wani tsohon mai goge da yaronsa mai ganga a gidansa. Ta nace sai ta bi ni, wai tana so ta ga aikin da yake hana ni dawowa da wuri. Muna shiga aka tsuge da ruwan sama, babu halin fita. Tsohon ya ji daɗin ruwan, ya ƙi tsayawa, har sai da ya cika mini faifai biyu. Ita kuwa tana zaune a lungu da awarwaro cike da hannu, ta kasa zama shiru, ƙararsu tana shiga makirufo. Na harare ta, na yi mata magana, a banza. Da na koma ofis na yi ta fama in cire ƙarar, ban iya ba, dole aka watsa shi haka nan. Tun daga ranar, duk sanda muka yi faɗa sai ta ce, "Ka dai bi ni a hankali, ni ma mawaƙiyar gidan rediyo ce."

Faya-fayan biyu suna can ƙasa, a kwalin da ya fi kowanne shan ruwa.

Lahadi, da hantsi

Na ɗauki na farko. Ya wuce lafiya, bai tsinke ba, amma ya zube gaba ɗaya. Zaren ya fito fari tas.

Na saurara a hedfon: gogen yana nan, ganga tana nan, ruwa yana dukan kwano. Na yi hamdala.

Lahadi, da yamma

Na kai mata. Da gogen ya fara, gefen fuskarta mai motsi ya saki, har na ga abin da na daɗe ban gani ba. Sai kuma ta fara yamutsa goshi. Ta karkata kai wajen rediyon. Ta jira. Ta ƙara jira. Sannan ta ɗaga hannunta mai lafiya ta girgiza shi a iska. Babu komai a wuyan hannun sai tabon allurar ƙarin ruwa, tun a asibiti aka cire mata komai.

"Babu," in ji ta.

Na ce, "Suna nan, ki saurara da kyau." Na ƙara sauti.

"Babu ni."

Ta juya fuska wajen bango. Na ce wa Auta ciwon ne. 

Litinin, da yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Auta ta dawo daga aiki da kwamfutarta. Ta ce in zauna. Ta ɗaga wayarta ta danna wani abu, sai na ji wani siririn sauti kamar fito. Ta ce, "Kana ji?" Na ce ina ji. Ta ƙara masa tsini. Ina ji. Ta ƙara, sai ya ɗauke.

Na ce, "Kin kashe."

Ta nuna mini fuskar wayar. Ba ta kashe ba. Ita ta runtse ido ɗaya don zafin ƙarar. Kyanwar maƙwabta da ke kwance a taga ta miƙe ta dire. Daga can ɗaki uwarta ta buga gefen gado, wato a kashe mata wannan abu. Gida duka yana cikin ƙara, ni kaɗai nake zaune cikin shiru kamar dutse a tsakiyar kogi.

Sannan ta buɗe gwajin nan na ranar Talata a kwamfuta. Akwai wata hanya da ake mai da sauti hoto: masu kauri a ƙasa, masu tsini a sama. Ta jera hawa na sama da na ƙasa gefe da gefe. Na farkon kamar daji, dogayen itatuwa, da wasu ƙananan ɗigo-ɗigo masu haske a can ƙololuwa. Na biyun dajin nan ne dai, amma an bi kansa da almakashi an daidaita, kamar askin ɗan makaranta.

"Waɗannan ɗigon fa?"

"Wata 'yar ƙararrawa ce, kamar a ƙafar mai gangar take. A wannan tana nan rangaɗau. A wancan kuwa wani lokaci babu, wani lokaci kamar an jefa cokali cikin ruwa."

Na tuna ƙararrawar. Ni na ce ya ɗaura ta.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na fara faɗa, Baba."

Ban san yaushe saman duniya ya rufe mini ba. Ba rana ɗaya ya tafi ba, da na lura. Ashe shi ya sa na daɗe ina cewa tsuntsayen unguwar nan sun ƙaura, ina zagin masu sare itatuwa.

Talata, da safe

Abin da na kasa yi mata da reza ina saurayi, na'ura ta yi mini shi cikin biyayya.

Talata, bayan la'asar

Saura faifai na biyu. Ya fi na farko lalacewa, zaren ya manne da juna kamar an shafa masa zuma. In na ɗora shi haka, tsinkewa zai yi ko ya bar muryar manne a bayan zagayen da ke kusa da shi.

Akwai dabara. Ɗumi kaɗan, na dogon lokaci, yana janye danshin ya sa tsatsar ta sake kama jikin zaren na ɗan wani lokaci. Na samo kwali, na huda shi, na rataya ƙwan fitila irin na da mai zafi a ciki, na ɗora faifan a kan ragar ƙarfe nesa da shi. Zafin kada ya wuce abin da bayan hannu zai jure. In ya yi yawa zaren ya narke. In aka yi gaggawa, ciki bai bushe ba.

Auta ta leƙo. "Baba, ƙwai kake ƙyanƙyashewa?"

"Uwarki nake ƙyanƙyashewa."

Ta yi dariya, sai dariyar ta juye, ta fita da sauri.

Alhamis, da hantsi

An ɗauke wuta tun safe. Na zauna na rungume kwalin da bargo kamar mahaukaci. Wannan ƙasa ba ta taɓa ba ni abu a lokacin da nake bukatarsa ba.

Alhamis, da yamma

An kawo.

Juma'a, bayan azahar

Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Baba, yaushe zai yi?"

"Bai yi ba tukuna."

"Ko za a gwada haka nan? Saboda likita ya ce..."

"Na ce bai yi ba."

Na taɓa gefen zaren da farce. Har yanzu yana kama ni. In na ɗora yau na kashe shi da hannuna. In na jira kuma. To.

Asabar, da safe

Auta ta kira yayyenta a waya. Ban tambaye ta dalili ba.

Lahadi, da hantsi

Zaren ya saki. Na warware kamu ɗaya, ya zamo a yatsuna sumul kamar sabo.

Auta ta cire memorin wayarta ta share shi ta sa a na'urar. Na ce ta danna hawa na sama, ta nuna mini da idona, ta sake nuna mini. Sannan na ɗauki hedfon ɗin na miƙa mata. Tun da na fara aiki ban taɓa ba wani hedfon ina ɗauka ba. Ta karɓa da hannu biyu.

Ni na riƙe abin da ya rage mini: hannu da ido. Na goge kan rikodar, na zura zaren, na sa ɗan yatsa a gefen faifan ina rage masa ja. Allurar awon sauti ta motsa. Gogen ya shigo.

Ban kalli komai ba sai zaren da fuskar Auta. Laka tana taruwa a kan rikodar, ina ganinta, ba halin tsayawa a goge. Can sai Auta ta zaro ido ta dafe baki.

"Baba! Ga su nan! Wayyo, ga su nan!"

A tsakiyar faifan tsohon ya tsaya shan ruwa. Sai na ji wani saurayi mai tsaurin murya, mai ji da kansa, yana cewa, "Ke, don Allah ki tsayar da hannun nan." Wata yarinya ta amsa, dariya cike da bakinta, "To, Mai Kunne." Auta ta ce ko rufe baki yarinyar ba ta yi ba awarwaron suka ci gaba da ƙara.

Ya kai ƙarshe. Wutsiyar zaren ta fita tana kaɗawa. Na ɗaga shi a taga, fari tas.

Auta ta buɗe hoton a kwamfuta. A can sama, bisa gogen, bisa ruwan, ga su nan jere, ɗigo-ɗigo masu haske daga farkon faifan har ƙarshensa, kamar taurari a kan gari. Na daɗe ina kallo. Wannan duka yana cikin kwali a ɗakina shekara da shekaru, a cikin duhu da danshi, yana jira.

Lahadi, bayan la'asar

Yayyen Auta sun iso, suna falo suna magana ƙasa-ƙasa. Na shiga ɗakin uwarsu na rufe ƙofa.

Ta rame ƙwarai a 'yan kwanakin nan. Na zaci barci take. Na ajiye rediyon kusa da kunnenta, na kunna, na zauna a bakin gado.

Gogen ya fara. Ba ta buɗe ido ba. Sai na ga leɓenta ya motsa. Na sunkuya.

"Ga ni."

Na ce, "Na sani. Auta ta nuna mini. Amma ni ba na jin su."

Ban taɓa faɗa wa kowa haka da bakina ba. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, irin kallon da take mini in na dawo kasuwa na manta abin da aka aike ni. Sannan ta laluba ta kama babban yatsana. Ta matsa. Ta saki. Ta matsa, ta matsa, ta saki.

Sai da aka ɗan jima na gane. Duk inda awarwaron ya yi ƙara, nan take matsawa.

Kuma ba barkatai ba ne. Ganga ta buga, ta bar gurbi, sai ta shiga gurbin. Gogen ya ja dogon numfashi, sai ta amsa masa sau biyu. Ba ta taɓa hawa kan tsohon ba, ba ta taɓa makara ba. Ashe kiɗa take yi. Tsohon ma ya sani, don yanzu na ji yadda yake jinkirtawa yana bar mata hanya. Mu huɗu ne a ɗakin nan ranar, uku suna kiɗa, ɗaya yana harara.

Da aka zo wurin da saurayin nan ya yi tsawa, ta matse yatsan da duk ƙarfin da ya rage mata, har na ji zafi. Gefen bakinta ya ɗaga.

Muka ji shi har ƙarshe. Ta ce a sake. Aka sake.

Laraba, da hantsi

Masu zuwa ta'aziyya sun ragu. Auta ta naɗe zanin gadon, ta jingine keken a bango. Ɗakin faya-fayai yana nan yadda yake, ba a kai ga kwashewa ba.

Ta ce sauran na kantar sama za mu ɗauke su tare, a hawa na sama, ita da hedfon ni da zare. Na ce to.

Da ta fita na kunna rediyon. Na kama babban yatsana da ɗaya hannun. Na san wuraren.